Tambayi Likita: Malaman Makaranta da Ciwon Ƙoda

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni malami ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati da ke cikin birnin Zariya, kuma na haura shekara 20 ina koyarwa. A zangon karatun da ya gabata muka yi rashin abokin aikinmu, malamin lissafi, wanda bai cika shekara 50 ba. A saninmu bai taɓa kwanciya jinya ba, sai kawai ƙafafunsa suka fara kumbura, ya riƙa amai, da aka kai shi asibiti aka ce ƙodojinsa sun daina aiki. Mun yi karo-karo ana yi masa wankin ƙoda har ƙarfinmu ya ƙare, daga baya rai ya yi halinsa. Tun daga lokacin muhawara ta ƙi ƙarewa a ofishin malamai. Wasu sun ce rashin shan ruwa ne, wasu sun ce lemon kwalba ne, wasu sun ɗora laifin a kan doguwar tsayuwa gaban allo da shaƙar ƙurar alli, akwai ma wanda ya rantse jifa ne. Yanzu duk wanda bayansa ya sara sai hankalinsa ya tashi. Muna koyar da yara aikin ƙoda a aji, amma ga shi mun kasa haɗa baki kan abin da ke lalata ta. Mene ne gaskiyar al'amari, kuma shin aikin koyarwa yana cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo? Daga wani malami, Ƙofar Doka, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan abokin aikinku, ya kyautata makwancinsa, ya ba iyalinsa da ku haƙurin rashi, ya kuma saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuka yi da shi.

Labarin da ka bayar ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa aiki a sashen masu ciwon ƙoda. Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne, ranar da ƙafa ta kumbura ba ita ce ranar da ciwon ya fara ba, domin a mafi yawan lokuta ya riga ya yi shekaru yana cin ƙodar a ɓoye. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan 1, su biyun kuma suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar wa jiki kusan dukkansa, su zubar da lita 1 zuwa 2 a matsayin fitsari. Allah ya yi su da rarar ƙarfi, shi ya sa mutum yake iya ba ɗan'uwansa ƙoda ɗaya ya ci gaba da rayuwa lafiya da ɗayar. Wannan rarar rahama ce, amma ita ce kuma take rufe ɓarna, saboda yayin da wasu matatan ke mutuwa sauran suna ɗauke musu nauyi, mutum bai ji komai ba, har sai an rasa fiye da kashi 2 cikin 3 na aikin kafin kasala da ƙarancin jini da kumburi da amai su bayyana. Ƙungiyoyin likitocin ƙoda na duniya sun ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 850 ne ke ɗauke da wani nau'in ciwon ƙoda, kuma akasarinsu ba su da labari.

A ganina giɓin da ke cikin sanin malamai ba na aikin ƙoda ba ne, wannan kun fi kowa iya zana shi a allo. Giɓin yana wajen haɗa ƙoda da cututtuka biyu da kowa ya saba jin sunansu har ya daina jin tsoronsu, wato hawan jini da ciwon suga. Ka lura cewa a cikin dalilan da aka kawo a ofishinku babu wanda ya ambaci ko ɗaya daga cikinsu, alhali su ne manyan masu kai mutane ga injin wankin ƙoda, tare da kumburin matatan ƙodar da ke biyo bayan wasu cututtuka irin su ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau.

Matatar ƙoda ƙullin siraran jijiyoyin jini ce, kamar rariyar tankaɗe mai ƙananan idanu. Idan jini ya daɗe yana dukanta da ƙarfi, ko suga ya daɗe da yawa a cikinsa, sai idanun su buɗe, abin da bai kamata ya wuce ba, musamman furotin da ake kira albumin, ya fara zuba cikin fitsari, daga nan wurin ya zama tabo, tabo kuma ba ya tacewa. Ƙodar da ta lalace ita ma tana ƙara tayar da jini, saboda ita ce ke daidaita gishiri da ruwa a jiki, sai abin ya zama kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa wuta. Hawan jini ba ya buƙatar ciwon kai kafin ya yi ɓarna. Duk wanda awonsa ya tsaya a 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban yana da shi, ko da yana jin kansa garau. Matsalar da na fi gani ga ma'aikata masu jiran albashi ita ce shan magani a gutsuttsure: a sha idan kai ya yi nauyi, a ajiye idan ya sake, a bari gaba ɗaya idan wata ya yi nisa aljihu ya bushe. Akwai kuma maganar da ke yawo cewa daɗewa ana shan maganin hawan jini shi ke kashe ƙoda. Akasin haka ne gaskiya. Wasu daga cikin magungunan, irin su lisinofiril da losatan, ana ba da su ne musamman don su rage zubar furotin su tsare abin da ya rage na ƙodar.

Akwai abin da mutum yake gada. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon ƙoda, haɗarinsa ya fi na sauran mutane. A shekarar 2010 masana suka gano wasu sauye-sauye a ƙwayar gado da ake kira APOL1, waɗanda suka yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma suna sa ƙoda saurin gazawa, kuma wani babban bincike da aka yi a Najeriya da Gana, aka fitar da sakamakonsa a ƙarshen 2024, ya tabbatar da wannan alaƙa a cikin mutanenmu. Mai sikila shi ma yana cikin haɗari, haka macen da ta taɓa hawan jinin ciki ko jijjiga lokacin haihuwa, haka dattijon da furostet ɗinsa, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kumbura yana toshe masa fitsari, da mai tsakuwar ƙoda, da mai teɓa, da mai shan taba.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Koyarwa a kan kanta ba ta lalata ƙoda. Ƙurar alli tana iya damun hanci da maƙogwaro da mai asma, tsayuwa kuma tana gajiyar da baya da gwiwa, amma babu ɗayansu cikin abubuwan da aka tabbatar suna kashe ƙoda. Sai dai yadda malami yake maganin wannan gajiyar shi ne inda haɗarin yake, kuma a nan nake so ku fi tsayawa. Malamin da ya tashi daga makaranta ya wuce darasin yamma, ko gona, ko ya ɗauki babur ya yi 'yar acaɓa kafin magariba, da dare yakan biya kemis ya ce a ba shi haɗin maganin gajiya. A cikin ƙwayoyin da ake ƙulla masa a leda, da wuya a rasa ibufurofen ko dikilofenak ko firoksikam, waɗanda aka fi sani da sunayen Brufen da Cataflam da Feldene, wani lokaci ma a haɗa biyu a ƙulli ɗaya. Waɗannan magunguna suna kashe zafi ta hanyar hana jiki yin wani sinadari, shi kuma wannan sinadarin shi ne yake buɗe jijiyar da ke kai jini cikin matatar ƙoda. Ga lafiyayyen saurayi da ya sha na kwana biyu ko uku, yawanci babu komai. Amma ga mai shekara 45 da ke da hawan jini, yana shan maganin sa fitsari, ya wuni cikin zafin watan Afrilu bai sha ruwa sosai ba, sannan ya mayar da haɗin nan abincin kowane dare, ƙodarsa tana kwana da yunwar jini. Idan ciwon jiki ne na yau da kullum, farasitamol a bisa ƙa'ida ya fi sauƙi ga ƙoda, idan kuma ciwon ya ƙi tafiya, a nemi dalilinsa a asibiti. Haka allurar jentamaisin da ake yawan yi wa mutane da sunan maganin taifot ba tare da gwaji ba, tana daga cikin magungunan da aka daɗe da sanin suna ƙona bututun ƙoda.

Sai jiƙe-jiƙe da garin magani na basir da shawara da ƙarfin maza, irin waɗanda ake tallarsu da lasifika a bakin kasuwa da tashar mota. Ba ina cewa duk abin da ya fito daga itace guba ba ne, magungunan asibiti da dama daga tsirrai aka samo su. Abin da nake cewa shi ne, mai saye bai san abin da ke cikin jarkar ba, bai san adadinsa ba, ƙoda kuma ita ce ƙofar da kusan duk abin da aka sha zai bi ya fita. Malamai mata su ƙara da man bilicin a wannan lissafi, domin wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke ratsa fata ya sa ƙoda zubar da furotin mai yawa har jiki ya kumbura.

Masu maganar ruwa sun kama rabin gaskiya. Yawan bushewar jiki cikin zafi yana cutar da ƙoda kuma yana jawo tsakuwa, yana ma cikin abubuwan da masu bincike ke dubawa a yankin Gashuwa ta Jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya yi yawa tsakanin manoma da masunta. Amma ɗura ruwa jarka-jarka ba ya wanke ƙodar da ta yi tabo, kuma wanda ƙodarsa ko zuciyarsa ta riga ta yi rauni, ruwan da ya wuce kima yana iya taruwa masa a huhu. Ma'auni mai sauƙi ga lafiyayye shi ne ya sha har fitsarinsa ya zama fari-fari. Lemon kwalba kuwa ta hanyar ƙiba da ciwon suga yake isa ga ƙoda. Wanda kuka manta shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin magi da yajin tsire da kilishi da ƙullin ɗanɗanon taliyar yara, har da kanwa, wadda ita ma sinadarin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta.

Game da ciwon baya, ka kwantar wa abokan aikinka da hankali. Mafi yawansa daga tsoka da ƙashin baya yake. Ƙoda takan yi zafi ne idan tsakuwa ta toshe ta ko ƙwayar cuta ta shige ta, lokacin za a ji shi a kwiɓi, sau da yawa tare da zazzaɓi ko jini a fitsari. Ciwon da ke kai mutum ga wanki ba ya zuwa da zafi, saboda haka wanda bayansa lafiya lau bai kuɓuta ba don wannan kawai. Maganar jifa kuma ba zan yi jayayya da imanin kowa ba, addu'a abin riƙo ce ga kowane mai jinya. Roƙona shi ne kada a ajiye asibiti sai an gama zagaya masu magani, domin watannin da ake ɓatarwa a wannan zagaye su ne watannin da ake iya ceto ragowar ƙodar.

Sanin da zai amfane ku shi ne wanda ya kai mutum ga gwaji. Ka tambayi abokan aikinka wane ne zai iya faɗin awon jininsa na ƙarshe da watan da aka yi shi, amsar da za ka samu ita ce hoton halin da kuke ciki. Bayan awon jini da na suga, gwaji biyu ne ke duba ƙoda. Na farko na fitsari ne, don neman albumin, kuma shi ne yakan fara nuna matsala tun kafin komai. Na biyu na jini ne, ana auna kiriyatinin, wato wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, a lissafa shi da shekaru da jinsi a fitar da wata lamba da za ka gani a takardar sakamako an rubuta eGFR. Idan lambar ta tsaya ƙasa da 60, ko furotin ya ci gaba da fita, har tsawon fiye da wata 3, to ciwon ƙoda mai daɗewa ya tabbata, ƙasa da 15 kuma shi ne mataki na biyar, na ƙarshe a matakan ciwon, inda ake fara maganar wanki ko dashe. Sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita. Mai hawan jini ko suga ko sikila, da wanda ciwon yake cikin danginsa, ya yi waɗannan gwaje-gwaje aƙalla sau ɗaya a shekara. A nan Zariya ana samunsu a Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda likitocin ƙoda suke.

Idan an kama shi da wuri, ana iya rage masa gudu na shekaru masu yawa, kuma tun daga 2020 aka tabbatar da cewa wasu magungunan suga irin su dafagilifulozin suna tsare ƙoda har ga wanda ba shi da suga. Idan an makara, kun ga abin da ke biyo baya da idonku: wanki sau 3 a mako, kowanne kimanin awa 4, abin da albashin malami ba ya ɗauka. Dashen ƙoda ana yinsa a ƙasar nan tun shekarar 2000 da aka fara a Asibitin St. Nicholas na Legas, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma ya bi baya a 2002, amma shi ma yana buƙatar mai bayarwa da kuɗi masu yawa da shan magani har ƙarshen rayuwa.

Tunda kun iya karo-karo don jinya, ku yi wani ƙarami ku sayi na'urar awon jini ta dantse, ku ajiye ta a ofishin malamai da littafin rubuta sakamako. Wanda za a auna ya zauna ya huta minti 5, ya jingina bayansa, ya ɗora hannunsa a tebur daidai da ƙirji, a auna sau biyu. A yi haka a makon farko na kowane zango, wanda nasa ya hau a sake masa a wata ranar, idan bai sauka ba ya tafi asibiti. Alhamis ta biyu a watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, wadda aka fara a 2006, kuma dama ce ta gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa malamai da iyaye bayani.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni malama ce a makarantar firamare a Samaru. Ina da ɗalibar da fuskarta ke kumbura da safe ta saɓe da rana, sannan wasu yara maza suna fitsarin jini, iyayensu suna cewa alamar girma ce. Akwai kuma mai sikila da ke yawan neman izinin fita bayi. Shin waɗannan suna da alaƙa da ƙoda?

AMSA: Barka kadai, Malama. Duka ukun suna da alaƙa, kuma ke ce mutum ta farko da ta lura, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce. A yankinmu yawanci tsargiya ce, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan dodon koɗi na ruwa ta ratsa fatar yaro lokacin da yake wanka a rafi ko kududdufi ko madatsar ruwa, kuma yaran da ke kusa da kogunan Kubanni da Galma ba sa rabo da shiga ruwa. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a bangon mafitsara, bayan shekaru ya bar tabon da ke iya toshe bututun da ke sauko da fitsari, fitsarin ya koma ya danne ƙoda, wani lokaci ma ya kai ga dajin mafitsara. Maganinta firazikwantel ne, wanda ake rabawa a makarantu ta hannun malamai bisa awon tsayin yaro, kuma a tabbatar yaro ya ci abinci kafin ya sha. Yaran nan a kai su a duba fitsarinsu, kada a jira zagayowar rabon magani.

Yarinyar mai kumburin fuska tana buƙatar asibiti a cikin wannan makon. Ko dai ƙodarta tana zubar da furotin, wanda a yara da yawa yana jin magani, ko kuma kumburin matatai ne da ke zuwa mako 1 zuwa 3 bayan ciwon maƙogwaro, ko bayan ƙazwa da ƙurajen da suka yi ruwa. Ki tambayi mahaifiyarta ko fitsarin yana yawan kumfa, ko ya yi duhu, ko ya ragu, ki kuma roƙe ta kada a ba yarinyar wani jiƙo kafin a ga likita. Shi kuwa mai sikila ba wasa yake yi ba. Sikila tana hana ƙoda riƙe ruwa tun yaro yana ƙarami, shi ya sa yake yawan fitsari, wani har ya yi a kwance. A bar shi ya fita duk lokacin da ya nema, ya riƙe gorar ruwansa a aji, kada a doke shi a kan haka. Ki kuma sa ido ga 'yan mata da ke ƙin shan ruwa saboda gudun bayin makaranta, domin riƙe fitsari yana jawo musu ciwon mafitsara, wanda idan ya yi ta dawowa yana iya hawa zuwa ƙoda.

TAMBAYA: Salam, Likita. Ni malamin Islamiyya ne a Tudun Wada, ina da hawan jini, kuma gwaji ya nuna lambar ƙodata 52 har sau biyu. Zan iya azumin Ramadan?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya. Lambar 52 tana farkon mataki na uku, kuma da yawa daga masu wannan mataki suna azumi lafiya idan lambar ta tsaya wuri ɗaya, jini ya daidaita, babu kuma wata cutar da ta haɗu da ita. Waɗanda likitoci ke ba shawarar su ajiye azumi su ne na mataki na huɗu da na biyar, da wanda ƙodarsa ke saurin raguwa. Ka ga likitanka wata guda ko fiye kafin azumi, domin ya duba furotin da sinadarin fotasiyam, ya kuma gyara maka lokutan shan magani, musamman idan akwai na sa fitsari a ciki. Ka rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, ka nisanci magungunan kashe zafi da na ambata a sama, idan kuma fotasiyam ɗinka ya hau, a rage dabino da ayaba da lemon zaƙi. A sake gwajin jinin bayan mako na farko ko na biyu na azumi, kuma ranar da ka ga jiri mai tsanani ko amai ko fitsari ya ragu ƙwarai, ka karya ka tafi asibiti a ranar.